Malamin Ingilishi a Ƙasar Baƙunta: Yadda Ake Sabawa da Sabuwar Rayuwa

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ɗalibin harshe da ya kammala karatu yana iya samun kansa a wata ƙasa yana koyar da Ingilishi, domin kuwa a nan Abuja akwai hukumar da aikinta ke nan. Wannan maƙala za ta yi bayanin wannan hanya, da irin matsalolin da baƙon malami kan ci karo da su, da kuma dabarun shawo kansu.

Daga Karɓar Malamai Zuwa Tura Malamai

A da, mu ne masu karɓar baƙin malamai. Hans Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909. Bayan samun 'yancin kai, Amurka ta fara turo matasa 'yan sa-kai a 1961, sannan Indiyawa da mutanen Ghana suka cika makarantun sakandare a shekarun 1970.

A 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, aka kafa shirin TAC. Shirin yana tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, su yi aikin shekara 2. Hedikwatarsa tana Abuja. Gambiya da Saliyo da Yuganda da Jamaika da Fiji suna cikin ƙasashen da suka amfana. Buƙatar malaman Ingilishi kuwa ƙaruwa take yi. Ruwanda ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa a madadin Faransanci a 2008, Gabon da Togo kuma suka shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2022.

Matakan Sabo

A 1960 masanin al'adu Kalervo Oberg ya yi bayanin ruɗewar da baƙo kan shiga, ya kasa ta mataki 4. Da farko komai na garin burge shi yake yi. Daga nan sai ɗoki ya gushe, abinci ya ishe shi, kewar gida ta taso, ya fara ganin laifin kowa. A mataki na 3 yakan fara fahimtar dalilan da suka sa mutanen suke yin abin da suke yi, har ya iya yi wa kansa dariya. A na ƙarshe sai ya saki jiki kamar ɗan gari. Mataki na 2 shi ne mai haɗari, don a nan ne wasu kan tattara nasu-ya-nasu su koma gida. Wanda ya san cewa wannan hali mai wucewa ne, ya fi iya daurewa.

Matsalar Lafazi a Aji

A nan ne ilimin kimiyyar harshe yake da rana. Kowane malami yana ɗauke da tasirin harshen uwa a bakinsa. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, shi ya sa Bahaushe kan furta pan da fan iri ɗaya, ya kuma mayar da v ta koma b. A Kano ɗalibai za su gane nufinsa, amma a Banjul ko Kamfala sai a yi ta kallon-kallo. Haka kuma akwai kalmomin da ba a ko'ina suke da ma'anar da muka sani ba, kamar go-slow da muke nufin cunkoson motoci.

Su ma ɗaliban da nasu. Balarabe kan mayar da p ta koma b, mai jin Kinyarwanda kan cakuɗa l da r, yaron Jamaika kuma yakan zo aji da Fatuwa, harshen da ya yi kama da Ingilishi amma nahawunsa daban. Saboda haka malami ya zauna ya kwatanta tsarin sautin harshen ɗalibansa da na Ingilishi, ya gano wuraren da za su yi tuntuɓe, kafin ya ɗora musu laifin rashin ƙoƙari. Shi ma ya rage saurin magana, ya riƙa rubuta sababbin kalmomi a allo.

Zama da Mutanen Gari

Da ɗan gari akan ci gari. Abu na farko shi ne koyon gaisuwa da harshen mutane. Rupert East, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya naƙalci Hausa har ya jagoranci gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Da bai koyi harshen ba, da babu mai tunawa da shi a sassan Hausa a yau.

Abu na biyu shi ne kame baki. A watan Oktoba na 1961 wata 'yar sa-kai Ba'amurkiya da ke samun horo a Ibadan ta rubuta kati zuwa gida tana bayyana ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. A yau da ake da Facebook, magana ɗaya ta raini kan iya zagaya gari kafin la'asar.

Sauran sun haɗa da tambayar dokar makaranta game da horon yara, don abin da aka saba a gida yana iya zama laifi a can. Musulmi kuma ya binciki inda masallaci yake da inda ake sayar da naman halal tun makon farko. Matambayi ba ya ɓata.

Kammalawa

Malamin da ya fita waje da sunan ƙasarsa ake kiransa, kuma da halinsa ake auna mutanenta. Don haka, 'yan'uwa ɗalibai, mu riƙe darussan tsarin sauti da fassara da muhimmanci tun yanzu, mu kuma ƙara da wani harshe kamar Faransanci ko Larabci ko Suwahili. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.