Rufe Idonka, Mu Ga Ko Wuyanka Ya San Hanya

Ran Alhamis a kasuwar Maigatari, ka kula da yarinya mai tallar gyaɗa. Faranti a ka, ba ta riƙe shi ba, tana ratsa tsakanin awaki da 'yan acaɓa, ta waiga ta amsa kira, farantin ko gezau. Ba ido kaɗai ke wannan aiki ba. A cikin tsokar wuya akwai ƙananan jijiyoyi da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda kai yake, ko da ido a rufe.

Wannan ji yana iya raunana idan wuya ya fizgu a hatsarin babur ko mota, ko ciwon wuya ya daɗe. Sai mutum ya riƙa jin jiri ko tangaɗi.

To, ta yaya za a auna shi? A 1991 wani likita a Faransa mai suna Revel da abokan aikinsa suka fito da dabara. Za ka zauna santimita 90 daga bango, a ɗaura maka ƙaramar fitilar leza a ka, a yi alama inda hasken ya sauka. Ka rufe ido, ka juya kai gefe, ka dawo inda kake jin nan ne tsakiya. Idan ka kauce fiye da digiri 4.5, kusan santimita 7 ke nan a bangon, likitocin fisiyo kan ɗauka akwai abin dubawa.

Yanzu masu bincike na gwada kyamara a madadin leza. Manhaja na bin hanci da idanu da haɓa a hoto, ta lissafa kaucewar da kanta, ba sai an jawo rula ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, kyamarar nan tana aljihun yayyenmu. In dabarar ta tabbata, wanda ya faɗi a babur a Gagarawa ko Sule Tankarkar zai iya yin gwajin farko a kusa da gida, kafin a san ko sai ya je Gumel ko Kano. Sai dai tana son haske sosai, kuma in wayar ta motsa lissafi ya ɓaci.

Ni da abokin kwanana mun gwada da tocila da alli a ɗaki. Hagu na dawo daidai, dama na zarce da kusan yatsu uku. Wanda wuyansa ke ciwo ko bai daɗe da faɗuwa ba, kada ya gwada, ya fara ganin likita.