Takarda a Intanet, Shaida a Bakin Mutane



Da wuya a sami unguwa a Yamai, Maraɗi ko Damagaram da ba mu san wani ɗa ko wata ɗiya da suka kammala karatu suna zaune a gida ba. Ba lalaci ya zaunar da su ba. Sun je kotu sun karɓo takardar shaidar rashin laifi, wadda ba a amsarta in ta wuce wata 3. Sun sa an buga hatimi a kan takardun makaranta, sun sayi intanet da kuɗin uwa, suna cikin cika gurabe layi ya yanke, sun sake daga farko. Daga nan sai shiru, har takardar kotun ta tsufa a koma a biya wata.

Shirun nan yana da dalili. Sanarwa ɗaya takan jawo masu nema fiye da waɗanda ma'aikaci zai iya karantawa, shi ya sa manyan kamfanoni da yawa suke barin manhajar kwamfuta ta fara tacewa. Ita kuwa kalmomin da ke cikin sanarwar take nema, kuma takardar da aka ɗauka hoto da salula tana iya kasa karanta ta. Ga kuma macuta masu ƙaga guraben ƙarya, su ce a turo jaka 5 ko 10 kuɗin buɗe fayil. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha bayyana cewa ba ta karɓar ko dala a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata.

A 1974 wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa bincikensa kan mutum 282 a garin Newton, kusa da Boston. Fiye da rabinsu ta hanyar wani da suka sani suka sami aiki. Abin lura shi ne, mafi yawa ba aminan kullum ne suka kai musu labari ba, mutanen da suke gani jefi-jefi ne. Wani bincike da aka buga a 2022 kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn ya ƙarfafa wannan. Mu ma in mun duba za mu gane: abokan fada da ake shan shayi tare kowane dare, labarinsu ɗaya ne. Sabon labari yana wurin tsohon malami, ko abokin aji da aka rabu shekara 5, ko dattijon da ake haɗuwa da shi a sahun Juma'a.

Mun san abin da wasu za su ce: ai wannan ita ce alfarmar da ake kira PAC da Faransanci, wato dangi, abokai da sanayya, wadda ta hana ɗan talaka shiga ofis. Tsoron yana kan hanya, amma abubuwan biyu ne. Suratul Ƙasas ta ba mu labarin Annabi Musa (AS) a Madyana: ɗiyar dattijon nan ce ta ba mahaifinta shawarar ɗaukarsa aiki, kuma hujjarta ƙarfi da amana, abubuwan da ta gani da idonta. Ba danginta ba ne, baƙo ne. Wanda ya ture mai cancanta don ya cusa ɗan ƙanensa ya ci amana. Wanda kuma ya san yaro haziƙi ne, ya ji labarin gurbi ya yi shiru, shi ma bai kyauta wa zumunci ba.

Don haka muke roƙon ƴaƴanmu su ci gaba da aika takardunsu ta intanet da hukumar ANPE, amma kada su tsaya nan. In za a je wurin babba, a daina cewa "Baba, ko wane aiki ne ina so." A faɗi abin da aka iya, a faɗi gurbin da ranar da aka aika takarda, a roƙi abu guda: a sa baki a buɗe ta a karanta. Mu kuma iyaye masu aiki, idan sanarwa ta fito a ofishinmu, mu kawo ta masallaci ranar da ta fito, tun wa'adi bai ƙure ba.