Kinkilibar Dakar ba ita ce ta bayan gidanmu ba



A shirinmu na noma da kiwo na makon jiya, wani mai saurare ya kira mu daga wani ƙauye na wajen Dogarawa, ya ba mu labarin da ya sa muka zauna muka rubuta wannan bayani. Ƙanensa da ke aiki a Dakar ya aiko wa mahaifiyarsu da saƙon murya ta WhatsApp, ya ce mata: "Inna, ki rage shayin nan. Ki riƙa dafa kinkiliba da safe. Nan kowa ita yake sha, ko buɗa-baki da ita ake yi." Tsohuwa ta ji maganar ɗanta. Ta aiki jikarta bayan danga ta tsinko ganyen da duk ƙauyen ke kira kinkiliba, ta dafa shi da kauri, ta sha kofi biyu. Kwana biyu ta yi tana fama da murɗar ciki da zawo, sai da aka kai ta likita aka ƙara mata ruwa. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi.

Yaron bai yi ƙarya ba, tsohuwa kuma ba ta yi kuskuren ji ba. Kinkiliba ya ce, kinkiliba ta dafa. Sunan ne ɗaya, itacen biyu.

Kinkiliba biyu

Abin da mutanen Senegal da Mali ke kira kinkiliba, suna dafa shi kamar shayi, mu nan mun san shi tun kaka da kakanni. Geza ce. Ita ce dai gezar da ke kan duwatsu da fako, wadda muke saran rassanta mu yi rumbu, kujera da gado. Ganyenta ƙanana ne, suna komawa ja-ja idan rani ya shigo, 'ya'yanta kuma busassu ne masu fiffike huɗu.

Wadda ake kira kinkiliba a wurare da yawa na Nijar kuwa haki ce ta damina, tana fitowa a juji, bakin hanya da bayan gidaje. A Kano rai-ɗore suke ce mata, wasu su ce sanga-sanga. 'Yar'uwar tafasa ce, furensu duka ruwan ɗorawa, shi ya sa yara kan rikita su. Ga yadda ake rarrabewa: ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, ƙanana shida ne a kan sili ɗaya, kwanson 'ya'yanta siriri ne dogo mai lanƙwasa kamar lauje. Ganyen rai-ɗore bakinsa da tsini, yawanci takwas ne ko goma a kan sili, yana da wari idan ka murza shi, kwansonsa kuma faffaɗa ne.

Mun sani ana amfani da ganyen rai-ɗore a maganin gargajiya, musamman na zazzaɓi. Amma yana sa zawo idan ya yi yawa, bai dace da mai ciki ba, ɗanyun 'ya'yansa kuma guba ne da ke taɓa hanta da tsoka. Dabbobi na mutuwa idan sun ci su da yawa. A ƙasar Indiya, a jahar Uttar Pradesh, an yi shekaru yara na mutuwa bayan kowace damina, ana zaton wata cutar ƙwaƙwalwa ce, sai wajen 2007 likitoci suka gano 'ya'yan wannan hakin ne yaran ke ci a wurin wasa. Ke nan tsakanin geza da rai-ɗore akwai nisa, ko da bakin mutane ya haɗa su a suna guda.

Me ke sa suna ɗaya ya hau kan itace da yawa?

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ka shiga tashar Ƙonni ka ce Illela za ka, dole ɗan kamasho ya tambaye ka wacce: ta hanyar Tawa, ko ta tsallaken iyaka a jahar Sakkwato? Haka sunan itace yake.

Magabatanmu ba su raɗa suna da ka ba. Wani lokaci kama suka duba. Duk ɗan hakin da ke shimfiɗe a ƙasa yana fidda farin ruwa idan an karya shi, sai a ce nonon kurciya, alhali iri-iri ne, wani ganyensa da gashi, wani sumul, wani jansa ya fi yawa. Dukansu kuma dangin aguwa ne da tinya, waɗanda ruwansu ke ƙona ido.

Wani lokaci amfani suka duba. Karkashi, wanda wasu ke kira yoɗo, haki biyu ne mabambanta, yauƙin miya ne ya haɗa su. Lalo ma haka, akwai na gona da ke fitowa da kansa, akwai na garka da ake shukawa.

Wani lokaci kuma baƙo ne ya zo, aka ara masa sunan ɗan gida. Da zogale ya shigo ƙasar Hausa, an ga ganyensa ƙanana, aka ce bagaruwar Makka, har yau a nan wajenmu tamakka muke cewa. Amma akwai wani icce mai ƙaya da dogon ganye siriri, da ake yin shinge da shi, wanda shi ma a wasu garuruwa bagaruwar Makka ake ce masa. Zogale asalinsa Indiya ne, mai ƙayar kuma daga nahiyar Amurka ya fito. Babu ɗaya a cikinsu da ya zo daga Makka, babu kuma wanda yake bagaruwa ta gaskiya, wadda majema ke jima da 'ya'yanta.

Akwai kuma 'yan kalmomin da Hausa ke liƙawa don ta yi gargaɗi: namiji, na kura, na daji, na ƙasa. Magarya daban, magaryar kura daban. Gasaya daban, namijin gasaya mai ƙaya daban. Goro daban, namijin goro daban. Matsala na zuwa ne idan mai magana ya gajarta, ya yar da kalmar ta biyu a hanya.

Inda babu komai, da inda akwai haɗari

Gaskiya ba ko'ina rikicin suna ke cutarwa ba. Kalgon da muka sani a gonakinmu ganyensa sumul ne. Idan ka gangara kudu inda ruwa ya fi yawa, za ka tarar da wani kalgo mai manyan ganye da gashi a bayansu. Iri biyu ne, amma da duka ana yin igiya, dabbobi kuma na cin 'ya'yansu. Wanda ya rikita su bai yi asarar komai ba. Haka ɗan'uwanmu da ke Dakar, idan ya shiga kasuwa ya ce a ba shi lalo, garin kuka za a miƙo masa, don haka sunan yake a can. Iyaka dai miyar ta sauya.

Wurin da ya kamata a yi hattara shi ne abin da za a sha don magani. Ku ɗauki kauci. Kauci ba icce ɗaya ba ne, iri-iri ne, tsuntsaye ke kai 'ya'yansa masu danƙo su liƙa a reshen wani icce, ya tsiro yana shan ruwan jikinsa. Shi ya sa mai magani na ƙwarai ba ya cewa kauci kawai, sai ya ce kaucin kanya, kaucin ɗorawa ko kaucin bagaruwa. Amma da zarar an shanya an dake shi an ƙulla a leda, wa zai iya faɗa maka daga wane icce aka ciro shi?

Zaƙami ma, wanda ake kira haukata-yaro, iri ne fiye da ɗaya, wani furensa fari, wani da shuɗi-shuɗi. A nan babu na zaɓe, dukansu guba ne.

Sai tazargade. A 2020, lokacin korona, da aka yi ta maganar maganin ƙasar Madagaska, saƙonni sun yi ta yawo cewa ai tazargade ce. Dangin da masana ke kira Artemisia iri ɗaruruwa ne. Guda daga cikinsu, na ƙasar Sin, shi ne aka ciro sinadarin da ke cikin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a likita, aikin da ya sa wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Wannan bai nuna cewa duk ƙullin da aka sayar maka da sunan tazargade shi ne wancan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta yarda a dogara da dafaffen ganyen a madadin ƙwayar ba. Yaro na zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa.

A gona ma haka ne

Manoma, ga naku. Gaugai, wanda wasu ke kira ƙuduji, Kanawa su ce wuta-wuta, ba ɗaya ba ne. Akwai na hatsi da dawa da masara, mai tsawo har gwiwa ko fiye, da fure ja mai haske da ake hangowa daga nesa. Akwai kuma na wake, gajere, yana fitowa cunkus a gindin wake, ganyensa ƙanana ƙwarai kamar babu.

Na hatsi ba ya rayuwa a kan wake. Hasali ma saiwar wake kan sa ƙwayarsa ta tsiro, ta rasa abin kamawa, ta mutu. Shi ya sa malaman gona ke cewa a juya shuka, gonar da gaugai ya ci hatsinta a sa mata wake. Amma idan na wake ne ke cikin gonarka, ka sake zuba wake, ka ƙara masa abinci ke nan. A nan sai dai ka nemi irin wake mai jure masa, irin waɗanda cibiyar IITA da ke da reshe a Kano ta fitar, ake kuma gwada su tare da INRAN a nan Nijar. To ka ga idan ka je wurin malamin gona ka ce gaugai ya dame ka, ba ka gama magana ba sai ka faɗi abin da yake ci. Kowanne ne dai, a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya a ƙone, don gindi ɗaya na zubar da ƙwaya dubbai, suna kuma iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira.

Yadda masana suka yi da tasu matsalar

Turawa ma sun sha wannan rikici a harsunansu. A 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya fitar da littafin da ya kafa tsarin da ake bi har yau: kowane tsiro sunansa biyu da Latinanci, na farko na gidansu, na biyu nasa na kansa, kamar a ce sunan zuri'a da sunan yanka. Geza ita ce Combretum micranthum, rai-ɗore kuma Senna occidentalis. Ko a Yamai, ko a Dakar, ko a Indiya, masani ya ji waɗannan ya san abin da ake nufi. A 1916 kuma wani likita Bature mai suna Dalziel, da ya yi aiki a arewacin Najeriya, ya buga ƙamus na sunayen itatuwa da Hausa, inda ya jera sunayenmu kusa da na Latinanci.

Ba muna cewa Inna ta haddace Latinanci ba. Sunayenmu sun ishe mu a cikin gari, inda mai faɗa da mai ji suka tashi a gindin icce ɗaya. Abin da ya sauya shi ne yanzu shawara na tafiya kilomita dubbai cikin minti ɗaya, sunan ya iso, iccen ya tsaya can.

Abin da muke roƙo

'Yan'uwa na waje, idan za ku aiko da shawarar wani ganye, ku haɗo da hotonsa, ganye da fure da 'ya'ya, tunda gani ya kori ji. Ku tambayi sunansa da harshen mutanen wurin, ku kuma faɗa cewa sunan can ne.

Mu na gida, idan saƙo ya zo, a nuna hoton ga tsofaffi, makiyaya ko ma'aikatan gandun daji kafin a ɗora tukunya. A tambaya: icce ne ko haki? A dutse yake fita ko a fadama? Ganye ake so, ko saiwa, ko ɓawo? Kada a sayi garin magani wurin wanda ba zai iya nuna iccen da ya fito ba. Mai ciki, mai shayarwa da ƙaramin yaro kada a gwada musu abin da ba a tabbatar ba. Idan kuma wani ya sha ya rikice, a tafi likita da sauran ganyen a hannu, don su ga abin da ya sha.

Wanda ya kira mu ya ce da suka aika wa ƙanensa hoton gezar da ke kan dutsen bayan ƙauyensu, sai ya yi salati ya ce ai ita ce, kuma da kuɗi yake sayenta a can.

A shiri mai zuwa za mu buɗe layi. Kowa ya faɗa mana yadda ake kiran zogale, dogon yaro da gaugai a garinsu, daga Tsarnawa zuwa Galmi, daga Badagishiri zuwa Tajaye. Wanda ke da tsoho a gida ya zaunar da shi kusa da rediyo, don su ne suka fi mu sanin dajin nan. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kai mu damina lafiya.