AGOGON HANNU MAI CIN HASKEN RANA: ƘIRARSA DA AMFANINSA GA MUTANEN ADAR DA MAJIYA

Tun kaka da kakanni, rana ita ce agogon mutanen karkara. Manomin Buza ya san hantsi, ya san walaha, ba sai ya tambayi kowa ba. Liman a Keita yakan dubi inuwar katanga ya san azahar ta yi. Wannan awo ya wadatar wajen sanin lokacin salla da na tashi daga gona. Amma akwai ayyukan zamani waɗanda inuwa ba ta iya auna su: sakan nawa injin ban ruwa yake yi kafin ya cika tano, ko sau nawa yaro marar lafiya yake numfashi cikin minti guda. Waɗannan suna bukatar agogon da ake tayar da ƙidayarsa, a kuma tsayar da ita lokacin da ake so. Sunansa a bakin Turawa kronograf. A yau akwai irinsa wanda ba a wana shi, ba a kuma sauya masa batir duk shekara, domin hasken rana shi ne abincinsa.

ASALIN AGOGON AWO

Sukuwar dawaki ce ta fito da sunan wannan agogo. A shekarar 1821, wani maƙerin agogo na ƙasar Faransa mai suna Nicolas Rieussec ya kai wata na'ura filin sukuwa na birnin Paris. Duk lokacin da doki ya iso, sai a danna maɓalli, wani ɗan tsinke ya ɗiga tawada a kan fuskar na'urar. Daga nan aka samo sunan kronograf, wato mai rubuta lokaci a harshen Girkanci. Kafin shi, a 1816, wani ɗan ƙasarsu, Louis Moinet, ya ƙera makamancinsa domin nazarin taurari. Tawadar ta daɗe da ɓacewa, amma sunan ya zauna. Bayan shekara ɗari da ƴan kai, a 1934, kamfanin Breitling na ƙasar Suwis ya fito da tsarin maɓalli biyu a gefen agogon hannu, wanda shi ne ake bi har yanzu.

Duk waɗannan agogai wana su ake yi da hannu. A watan Disamba na 1969 ne kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fara sayar da agogon hannu mai aiki da batir da ɗan dutsen nan da ake kira Quartz. Ya fi na wani daidaito nesa ba kusa ba, sai dai ya zo da nasa cikas: ran da batir ya ƙare, agogo ya mutu.

YADDA RANA TA SHIGA CIKIN AGOGO

Tun 1839 wani masanin Faransa, Edmond Becquerel, ya gano cewa haske yana iya haifar da wutar lantarki, amma sai a 1954 aka ƙera faifan silikon mai amfani a ƙasar Amurka. Nijar ba ta makara ba a wannan fage. An kafa ofishin binciken ƙarfin rana, ONERSOL, a Yamai cikin 1965, kuma Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya shugabance shi daga 1969 zuwa 1985. A jahar Tawa kuwa, a Malbaza aka buɗe tashar lantarki mai aiki da rana, mai ƙarfin megawat 7, cikin watan Nuwamba na 2018. Faifan da ke cikin agogon hannu ɗan'uwan waɗancan manyan faya-fayan na Malbaza ne, bambancinsu girma kawai.

Wani Ba'amurke, Roger Riehl, shi ne ya fara fito da agogon hannu mai cin rana a farkon shekarun 1970. A 1976 kamfanin Citizen na Japan ya ƙera na farko mai hannuwa, Seiko ya biyo baya a 1977. A waɗannan na fari, faifan yana bayyane a fuska, kowa na ganinsa. A tsakiyar shekarun 1990 aka san dabarar ɓoye shi, agogon ya zama ba a bambanta shi da sauran sai an karanta rubutun fuskarsa.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN FUSKA

In aka buɗe irin wannan agogo, za a tarar da abubuwa huɗu jere bisa juna. Na farko fuskar kanta: ga ido kamar ƙarfe ce, alhali an yi ta ne da wani abu mai barin haske ya ratsa, kamar yadda rana take ratsa farin ƙyalle. Na biyu faifan silikon, siriri kamar takarda, wanda yake mai da haske ya koma lantarki. Na uku rumbun ajiya, wato wani ɗan batir mai kama da maɓallin riga, wanda ake cikawa ya sake cika. Na huɗu shi ne injin agogon.

A cikin injin akwai ɗan dutsen Quartz da aka sassaƙa da baki biyu. Idan lantarki ya taɓa shi, sai ya yi ta kaɗawa sau 32,768 cikin sakan ɗaya. Wata ƴar na'ura tana raba wannan adadi biyu, ta sake raba shi biyu, har sau 15, sai ya koma ɗaya. Wannan ɗayan shi ne bugun da yake tura hannun agogo gaba kowane sakan. Saboda haka ne mai kyau daga cikinsu ba ya wuce kuskuren sakan 15 zuwa 20 a wata.

Rumbun ajiyar shi ne sirrin abin. Kamar yadda magidanci yake cika rumbu da kaka domin ya ci har damina, haka agogon yake tara wuta da rana. Yawancinsu, in sun cika fal, suna iya aiki wajen wata shida cikin duhu. Mintoci kaɗan a tsakar rana sun ishi aikin yini guda. Fitilar ɗaki ma tana ciyar da shi, amma sai ta ɗauki sa'o'i. A ƙasar da rana take haskawa kamar sa'a 3,000 a shekara, abincin wannan agogo ba ya yankewa.

MAƁALLI BIYU DA ƘANANAN FUSKOKI

A gefen dama akwai kan da ake gyara lokaci da shi, da maɓalli ɗaya a samansa, daidai ƙarfe 2, ɗaya kuma a ƙasansa, daidai ƙarfe 4. Na sama shi ne mai tayar da ƙidaya, shi ne kuma mai tsayar da ita. Na ƙasa yana mayar da hannu mazauninsa.

A nan ne sabon shiga yakan ruɗe. Dogon siririn hannun da ke tsakiya yana tsaye cik a kan 12, har mutum ya zaci agogon ya lalace. Ba lalacewa ba ce: wannan hannu na awo ne, jira yake a danna maɓalli. Sakan na yau da kullum yana zagayawa ne a ɗaya daga cikin ƙananan fuskoki biyu ko uku da ke ciki. Ta biyu tana ƙidaya mintocin da aka auna, har 30 ko 60. Ta uku, a mafi yawa, tana nuna sa'o'i 24, domin a rarrabe dare da rana.

Wasu suna da lambobi kewaye da bakin gilashi, daga 500 ko 400 suna saukowa zuwa 60. Waɗannan na awon gudu ne. A kan babbar hanyar da ta bi ta Madawa da Galmi zuwa Birnin Ƙwanni, wanda ke zaune kusa da direba yana iya danna maɓalli a wani dutsen kilomita, ya tsayar a na gaba. In hannu ya tsaya a sakan 45, zai ga yana nuna 80, wato motar tana cin kilomita 80 a sa'a.

A GARKA DA GIDAN LIKITA

Bayan farin 1984, gwamnati ta ƙarfafa noman rani, kuma a shekarar ce aka soma babban aikin raya karkara na Keita da taimakon ƙasar Italiya, aka yi madatsun ruwa da rijiyoyi. A kwarin Tarka da na Majiya, albasa ta zama dukiyar jama'a. Amma da yawa daga masu garka ba su san yawan ruwan da injinsu yake zubarwa ba, sai dai kintace.

Lissafin ba shi da wuya ga wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci. A sa bakin tiyo cikin tano mai cin lita 200, a danna maɓalli. In ya cika cikin sakan 40, injin yana ba da lita 5 a sakan ke nan, wato lita 18,000 a sa'a. A rubuta wannan a littafi. In bayan wata biyu tanon bai cika ba sai da sakan 60, to ruwa ya ragu da kashi ɗaya cikin uku: ko rijiya ta ja baya, ko injin yana neman gyara. Wanda ya gane haka da wuri ya tsirar da man inji, ya kuma tsirar da albasarsa. Haka nan inda mutane da yawa suke tarayya a rijiya ɗaya, rabon ruwa da minti ya fi rabo da ido kawar da husuma.

A fannin lafiya abin ya fi haka nauyi, domin rai ne. Ciwon huhu yana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara, kuma alamarsa ta farko saurin numfashi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: a ƙidaya numfashin yaro minti guda cur, lokacin da yake kwance ba ya kuka. Jaririn da ke tsakanin wata 2 da shekara ɗaya, in ya kai 50 ko ya wuce, numfashinsa ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar kuwa, 40 ne iyaka. Yaro mai tari da ya kai wannan adadi, a gaggauta kai shi gidan likita. Ma'aikacin lafiya na ƙauye ba zai iya wannan ƙidaya da kintace ba.

Gaskiya ne wayar salula ma tana da agogon awo. Sai dai waya tana neman caji kusan kullum, ga shi ba kowane ƙauye ke da lantarki ba, kuma mai hannu cikin laka ba ya son fito da ita daga aljihu.

KULA DA SHI

Babban abokin gaban wannan agogo shi ne duhu. Hannun babbar riga da ke rufe shi yini guda, ko akwatin da aka kulle shi ciki wata da watanni, suna sa shi yunwa. Yana da hanyar kai kuka: in wuta ta yi ƙasa, hannun sakan yakan riƙa tsallake biyu-biyu. Da an ga haka sai a ajiye shi bakin taga ya sha haske.

Amma haske yake so, ba zafi ba. Masu ƙera shi suna gargaɗi kada zafinsa ya wuce digiri 60, abin da gaban mota a rufe ko kwanon rufi yake iya kai wa cikin watan Afrilu. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar gilashi da ƙyalle mai laushi. Wanda aka rubuta wa 3 BAR a baya yana jure yayyafi da fantsamar alwala kawai; mai 10 BAR ne ake shiga ruwa da shi, kuma ko shi ba a danna maɓallinsa a cikin ruwa. Kada a bar hannun awo yana ta zagaye ba dalili, domin yana cin wuta.

Rumbun ajiyar yakan yi shekara goma ko fiye kafin ya gaji. Ran da ya gaji, irinsa ake nema. Kada mai gyara ya sa masa batir na agogon yau da kullum, wanda ake kira pil a kasuwa: ba a yi shi domin a cika shi ba, yana iya fashewa ya ɓata injin.

HATTARA A KASUWA

Ba duk abin da aka rubuta wa Solar ne yake cin rana ba. Akwai jabu masu ƙananan fuskoki na ado, hannuwansu a manne, maɓallansu ba sa taɓuka kome. Mai saye ya danna na sama ya ga dogon hannu ya tashi, ya bar shi ya wuce minti ɗaya ya ga ƙaramar fuska ta motsa, sa'an nan ya tsayar, ya danna na ƙasa ya ga hannu ya koma kan 12 daidai. Ya nemi takardar bayani da ta garanti. Na gaske ya fi tsada, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ba lalle ne kowane magidanci ya mallaki nasa ba. Guda ɗaya a hannun sakataren ƙungiyar masu garka, ko a hannun ma'aikacin lafiya, ya ishi ƙauye. Abin da ya rage shi ne malaman gona da malaman yaƙi da jahilci na gundumomin Madawa, Buza da Keita su sa awon lokaci cikin darussan lissafi, domin wanda ya iya karanta lambobi ya iya auna ruwan rijiyarsa da numfashin ɗansa da kansa.