Yawon Shan Iska A Bakin Tafkunan Jos

Idan an yi hutun makaranta yara suka cika gida da hayaniya, akan rasa inda za a kai su su sha iska ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. To, wadda ke zaune a Jos ko Bukuru, ko wadda ke da dangi can da za ta kai wa ziyara, ta huta da wannan tunani, domin ƙasar cike take da ƙananan tafkuna a tsakanin duwatsu, inda za a shimfiɗa tabarma a ci abinci, a miƙe ƙafa, a komo gida kafin magariba. Amma fa uwargida, kafin ki ɗaura niyya, ya kamata ki san irin ruwan da za ki zauna a bakinsa.

Yawancin tafkunan nan da kike gani daga mota, tsofaffin ramukan kuza ne. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka soma haƙar kuza a kan tudun Jos, a 1914 kuma ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso. Mutane daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno suka yi ta kwararowa aikin lebura, wasu da son ransu, wasu kuwa tilas aka kawo su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944. Daga shekarun 1970 harkar ta soma ja da baya, da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985 sai manyan kamfanoni suka watse, suka bar ɗaruruwan ramuka a buɗe. Ruwan sama ya cika su, ciyawa ta tsiro, tsuntsaye suka samu wurin zama. Alamarsu ba ta da wuyar ganewa: za ki ga tsibin jar ƙasa a gefe, sau da yawa kuma da itatuwan turare da aka dasa don raya wurin.

Kududdufin ƙauye da kika saba da shi, sannu-sannu ake shigarsa, daga idon sawu zuwa gwiwa zuwa ƙugu. Ramin kuza ba haka yake ba. Gefensa a tsaye yake kamar na rijiya, yaro na iya tsayawa a ruwa iya gwiwa, ya ƙara taku ɗaya ya nutse gaba ɗaya. Ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, ruwan kuma da sanyi ƙwarai, ko gwanin iyo jijiyarsa na iya ɗaurewa. Bakin ramin ma yakan zaftare, musamman bayan damina. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an yi asarar yara da samari a irin waɗannan ramuka. Saboda haka dokar farko, wadda za ki faɗa wa yara tun a gida, ita ce ba mai shiga ruwa, ko da wanke ƙafa ne. A shimfiɗa tabarma nesa da baki, a kuma ɗora wa kowane babba alhakin yaro ɗaya ko biyu da sunansu. In aka ce kowa ya sa ido, to ba wanda zai sa.

Har ila yau akwai masu haƙar kuza da hannu, suna barin ƙananan ramuka masu zurfi a cikin ciyawa, don haka a bi hanyar da ƙafa ta riga ta taka. Baƙin yashin da ake bari bayan an wanke kuza shi ma kada yara su yi wasa da shi, balle su ɗebo zuwa gida. Masana sun auna sun tarar yana ɗauke da ma'adinai masu illa ga jiki in an daɗe tare da su.

To ina za a je? Mafi sauƙi ga mai ƙananan yara shi ne tafkin Rayfield, wanda shi ma ramin kuza ne, amma an mai da shi wurin shaƙatawa, ga shi kusa da gari, ga jama'a. Mai son tafiyar ƙasa kuwa sai ta nufi madatsar ruwa ta Lamingo a gindin duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. A ganina nan ya fi ko'ina daɗin kallo da hantsi. Sai dai ruwan shan gari ne, ba a wanki ko zuba shara a cikinsa.

Can nesa akwai tafkunan Kurra a ƙasar Barikin Ladi, waɗanda aka datse don kamfanin NESCO, da aka kafa a 1929, ya ba wuraren haƙar kuza lantarki. A ƙasar Mangu kuma akwai tafkunan kiwon kifi na Panyam, da tafkin Pidong kusa da Ampang, wanda ke cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Amma waɗannan yankuna sun sha fama da hare-hare a 2023 da 2024, aka yi asarar rayuka masu yawa. Kada a kama hanya sai maigida ya bincika wajen mutanen wurin a ranar, kuma a tafi da ɗan gari.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke amma ƙasa tana nan kore shar. A Disamba da Janairu hazo kan rufe duwatsu, iskar kuma sai da suwaita da hular sanyi ga jarirai, gama Jos kanta tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200. Da damina kuwa hadari ba ya sallama, tsawar tudun nan kuma sananniya ce. Kina jin rugugi, ki tattara yara ku bar kan dutse da bakin ruwa da gindin itace.

Batun guzuri, a zaɓi abin da ba ya son miya: dafa-duka, ko dambu, ko soyayyen dankalin Turawa da dafaffen ƙwai, ko masa da ƙuli-ƙuli. A cika filas da shayi mai citta. Ruwan sha da na wanke hannu da na buta duk daga gida za a ɗauko, domin ruwan da ke kwance yakan kawo tsargiya. A sa takalmi mai rufi, silifa ba ta hawan dutse. Ku lura kuma da shingen ƙerana da ke kewaye da gonaki, farin ruwansa yana ƙona ido, gonar kuwa ta wani ce, sai an yi sallama an nemi izini.

Ku kuma 'yan makaranta, na san halinku da ɗaukar hoto a waya. Kada ki juya wa ruwa baya ki riƙa ja da baya don hoto ya yi kyau. In har tsautsayi ya sa ƙawarki ta faɗa, kada ki bi ta. Ki yi kururuwa, ki kwanta rub da ciki nesa da gefe, ki miƙa mata zane ko doguwar sanda, ko ki jefa mata jarkar da ba komai ciki, a rufe, ta rungume. Saboda wannan kaɗai ya isa a tafi da jarka ɗaya ta musamman.

Da la'asar ta yi a naɗe tabarma, a tsince leda da ɓawon ƙwai, a ƙirga yara kafin a tada mota. A bakin hanya ba a rasa masu sayar da kabeji da karas da dankali, sai ki rage 'yan kuɗi a bakin zane don cefanen gobe.