Abin Da Ya Tsare Eggon A Kan Dutse

Duk matafiyin da ya tashi daga Lafia ya nufi Akwanga ba zai rasa hango duwatsun Eggon ba. Amma kaɗan ne kan tambayi dalilin da ya sa manoma suka daɗe a can bisa, alhali ga fili shimfiɗe a ƙasa.

Dalilin kuwa shi ne tsoron farmakin kamun bayi. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 ne Muhammadu Dunama, Babarbare, ya kafa Lafia, wadda daga baya ta bi Bauchi. Keffi da Nasarawa kuma suka bi Zazzau. A ƙarni na 19 bayi na cikin gaisuwar da ƙananan sarakuna kan aika wa manya, su ne kuma haja mai tsada a kasuwa. To, ƙabilun da ba su shiga amana ba su ne abin farauta. Da yake doki ba ya iya hawan dutse, sai dutse ya zama garu.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Sai da Eggon suka jera duwatsu hawa-hawa don tare ƙasa kafin su sami abin shukawa. Duk da wannan fasaha, mutanen birni suka ɗauke su bagidaje, har sunansu ma aka sauya, ana ce musu Madan Dutse.

Ba nan kaɗai aka yi haka ba. Dogon na Mali sun fake a tsaunin Bandiyagara, mutanen duwatsun Mandara sun yi ta ɓuya daga mahayan Barno, haka kuma Nuba na Sudan. Ko'ina hanyar ɗaya ce, watau a takura mutum a lungu, sa'an nan a zarge shi da rashin wayewa.

Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa daga ranar 1 ga Afrilu, a 1936 kuma aka soke bauta ɗungum a Arewa. Sannu a hankali Eggon suka sauko, suka kafa garuruwa a fili. Tun 1996 Lafia ce hedkwatar Jihar Nasarawa, jikokin masu hari da na waɗanda aka hara suna cin kasuwa ɗaya.

Sai dai doka tana kwance mari, ba ta kankare raini. Wannan aiki ne na iyaye da malamai da sarakuna, domin zaman lafiyar jihar ya rataya a kansa.