Rinin da ke Nuna wa Likita Hanyar Jini

Idan wuta ta ci fatar mutum, ko aka yanke sankara ta bar gurbi a fuska ko ƙirji, likitocin tiyata kan ɗebo fata da tsoka daga wani sashen jikinsa, kamar cinya ko ciki, su cike gurbin. Naman yana zuwa da jijiyoyinsa na jini, waɗanda kaurinsu yakan kama daga milimita 1 zuwa 3, sai a ɗinke su da na sabon wurin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da zaren da ya fi gashi siranta.

To, amma ɗinki ba shi ne ƙarshen aiki ba. Muddin jini bai ratsa naman ba, mutuwa zai yi, a sake mayar da majinyaci ɗakin tiyata. A da, likita kan dogara ne da launin fatar da ɗuminta, ko ya tsira mata allura ya ga ko jini zai fito. Waɗannan alamu kuwa sukan yaudari ido, musamman a baƙar fata.

A nan ne wani rini mai suna indosayanin girin ya shigo. Kamfanin Kodak ne ya samar da shi a shekarar 1955, aka amince da amfani da shi a jikin ɗan Adam a Amurka a 1959. Da zarar an zuba shi ta jijiya, sai ya manne wa sinadaran furotin na jini, ya bi su duk inda suka nufa. Na'urar takan haska wurin da hasken infared mai tsawon zango wajen nanomita 800, wanda ido ba ya gani. Rinin ya sha hasken, ya mayar da nasa, kyamara ta kama. Inda jini ya isa sai ya yi fari a allo. Inda bai kai ba ya zauna baƙi. Nan take likita zai gyara ɗinkin ko ya datse gefen da ba zai rayu ba. Cikin minti 3 zuwa 4 hanta ta janye rabin rinin, don haka ana iya maimaitawa.

Sai dai hasken ba ya ratsa nama fiye da 'yan milimitoci, kuma ana taka-tsantsan da wanda jikinsa ba ya jituwa da aidin.

Ɗalibi na iya ganin ɗan'uwan wannan haske a gida. Ya saita rimot ɗin talabijin ga kyamarar waya ya danna: a wayoyi da dama zai ga ƙyallin da idonsa bai gani ba.